Waiwaye: Ƙungiyar Rotary ta Kano da doguwar hanyarta zuwa cikin unguwanni

Reshen ƙungiyar Rotary na farko a Najeriya a Kano aka kafa shi, cikin 1961, watanni kaɗan bayan samun mulkin kai. Legas da Ibadan daga baya suka biyo, duk a cikin shekarar. Wanda ya san Kano ta wancan lokaci ba zai yi mamaki ba. Gari ne na dalar gyaɗa da fatu da ƙiraga, ga tashar jirgin ƙasa, ga filin jirgin sama da jiragen Turai ke yada zango a cikinsa kafin su wuce kudancin Afirka. Turawan kamfani da Kwarori da lauyoyi da likitoci da manyan 'yan kasuwa sun cika Bompai da Fagge da Sabon Gari, kuma irin waɗannan mutane ne Rotary ke tarawa tun asalinta.

Asalin nata a Amurka yake. Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya tara abokansa uku a birnin Shikago ranar 23 ga Fabrairu, 1905, da nufin masu sana'o'i daban-daban su riƙa haɗuwa suna zumunci. Ba a jima ba zumuncin ya koma hidima, aikinsu na farko ga jama'a kuwa shi ne tsayawa a gina bayan gida na kowa da kowa a tsakiyar birnin. A 1917 suka buɗe asusun taimako wanda gudunmawar farko da ta shiga cikinsa dala 26 da santi 50 ce. Tsarin da suka shimfiɗa shi ne har yau ake bi a kowane reshe: a haɗu a kai a kai, yawanci mako-mako, kowa ya biya kuɗin ƙungiya, a zaɓi shugaba na shekara ɗaya tak wanda zai karɓi aiki ranar 1 ga Yuli, sannan reshen ya duba abin da garinsa ke bukata ya yi. Mata ba su samu shiga a hukumance a duk duniya ba sai 1989, bayan hukuncin da kotun ƙolin Amurka ta yanke a 1987.

Wannan tsari yana da ƙarfinsa, yana kuma da rauni, kuma raunin ya fi fitowa fili a gari irin Kano. Taro ne da ake yi da Turanci, a ɗakin otal, ana cin abinci, kuma ba kowa ke iya biyan kuɗin zama ɗan ƙungiya ba. Mutumin cikin birni da ya tashi ya ga aikin gayya, ya ga yadda ake yasar kwata da gyaran maƙabarta da haɗa kuɗin jinya a ƙofar masallaci, bai ga abin da zai kai shi can ba. Taimakon da ya sani yana da fuska, ya san wanda ya bayar, ya san ubansa. Ƙari a kan haka, akwai zargin da ya daɗe yana bin ƙungiyar cewa tana da alaƙa da ƙungiyoyin asiri, har wasu majalisun malamai a ƙasashen Larabawa suka fitar da fatawa a kanta. Ba Musulmi kaɗai suka yi ɗari-ɗari da ita ba, domin a 1951 fadar Paparoma ta hana limamanta shiga. 'Yan Rotary dai kullum suna cewa babu ruwansu da addini ko siyasa, kuma tarukansu a buɗe suke ga baƙi. Amma shekaru da yawa ayyukan rassan nan ba su wuce irin wanda ake yi a rana ɗaya a ɗauki hoto ba: kai kayan abinci gidan marayu, ba da littattafai da kujeru ga makaranta, gyaran ɗakin asibiti, haƙa rijiya. Ayyuka ne na alheri, ba wanda zai raina su, sai dai ba su kai ga sa talaka ya san sunan ƙungiyar ba.

Cutar shan-inna ce ta canja wannan labari.

A 1979 Rotary ta ɗauki nauyin yi wa yara miliyan 6 rigakafin cutar a ƙasar Filifins. Da aka ga abin ya yiwu, sai a 1985 ta ƙaddamar da shirin PolioPlus, da alkawarin kai maganin ga yaran duniya baki ɗaya. A 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka haɗa hannu da ita. A lokacin cutar na nakasa yara kusan 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Daga nan kowane ƙaramin reshe, har da na Kano, ya zama yana da hannu a wani aiki da ya fi ƙarfin garinsa: tara kuɗi, fita ranakun rigakafi, kai akwatunan sanyi da ake ajiye maganin, da zuwa wajen masu mulki a roƙe su su saki kuɗin aiki. Kuɗin da ƙungiyar ta zuba a wannan yaƙi zuwa yau ya haura dala biliyan 2.

Shekarar 2003 ita ce ta fi kowace nauyi a tarihin reshen Kano. Ranar 1 ga Yuli na shekarar, ɗan reshen, Jonathan Majiyagbe, babban lauyan da ya yi rayuwar aikinsa a Kano, ya zama shugaban Rotary na duniya. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. A cikin watannin nan kuma aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano, da wasu jihohin Arewa irin su Zamfara da Kaduna, bayan Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a ƙarƙashin Dakta Ibrahim Datti Ahmad ta ce tana zargin an gauraya maganin da abin da ke hana haihuwa. Wato mutumin da ke yawo ƙasa-ƙasa yana neman a taimaka a kawar da cutar, a garinsa aka rufe ƙofa.

Masu ba da wannan labari daga waje sukan taƙaita shi da cewa jahilci ne. Wannan rashin adalci ne ga mutanen Kano. Shekara bakwai kacal kafin nan, a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara a Asibitin Zana. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya amince ya biya dala miliyan 75 a sasantawar da ya yi da gwamnatin jihar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma yaƙin Iraƙi da aka fara a 2003, wanda ya sa duk abin da ya fito daga Yamma ake kallonsa da ayar tambaya. Sannan akwai tambayar da iyaye suka riƙa yi a ƙofar gida, wadda ni a ganina ta fi duk sauran ƙarfi: yaro na kwance da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda, an je asibiti an ce a sayo magani, babu kuɗi, to me ya sa wannan maganin kaɗai ake biyo mutum da shi har gida kyauta, sau da yawa a shekara? Tambaya ce ta mai hankali, kuma an ɗauki lokaci kafin masu shirin su ba ta amsar da ta dace.

Zargin da aka yi wa maganin bai tabbata ba, dakatarwar kuwa ta yi ɓarna mai yawa. Sai a ƙarshen Yuli 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta amince a ci gaba, da maganin da aka sayo daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan ƙwayar cutar ta tsallaka iyaka, a 'yan shekarun da suka biyo baya ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da ita kanta Indunusiyar. A 2006 yaran da cutar ta nakasa a Najeriya sun haura 1,100, mafi yawansu a Arewa. Da yawa daga cikinsu yanzu samari ne da 'yan mata, ana ganinsu kan kekunan guragu a titunan Kano.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da ƙungiyar da abokan aikinta suka koya da wahala, cewa kuɗi da magani ba sa buɗe ƙofar gidan Bahaushe, sai wanda maigidan ya yarda da shi. Marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya fito bainar jama'a yana ɗiga wa yara maganin da hannunsa. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, magana ta riƙa sauka daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Aka shigo da limamai da malaman tsangaya. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda za su yi sallama su shiga har tsakar gida inda namiji baƙo ba ya shiga, su zauna da uwar yara su yi magana irin ta mata. Masu fama da lalurar shan-inna su ma suka shiga gaba, ƙungiyarsu ta Kano ta riƙa bin masu rigakafi gida-gida, domin uba ya gani da idonsa abin da ake gudar wa ɗansa. Adadin yaran da cutar ta nakasa a Najeriya ya faɗo daga 388 a 2009 zuwa 21 a 2010.

Tambayar iyaye ma ta samu amsa, ko da ba cikakkiya ba. Aka fara kafa sansanonin lafiya a ranakun rigakafi, inda ake duba marasa lafiya a ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki da sinadarin ƙara lafiyar ido, a raba sabulu da gidan sauro. Rotary ta ɗauki nauyin rijiyoyin burtsatse a wasu garuruwan Arewa, ta kuma tallafa wa masu ƙera kekunan guragu. Tun kafin nan ma, 'yan Rotary na Arewa da takwarorinsu na Jamus sun fara wani aiki kan lafiyar mata masu juna biyu a jihar Kaduna a tsakiyar shekarun 1990, wanda daga baya ya faɗaɗa zuwa asibitoci 10 a Kano da Kaduna, da wuraren aikin yoyon fitsari a Wudil da Zariya. Wannan aiki bai yi suna kamar na shan-inna ba, amma a wajen matar da ta shekara biyar tana ɓoye kanta saboda yoyon fitsari aka yi mata aiki ta warke, babu wanda ya fi shi.

Bai kamata a ba da wannan tarihi a bar waɗanda suka biya da rayukansu ba. Ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka kai hari wasu ƙananan asibitoci biyu a Kano suka kashe masu aikin rigakafi 9, kusan dukkansu mata. Ba 'yan Rotary ba ne, ba su taɓa zama a teburin taronta ba. Matan unguwa ne da ke karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, suna yawo cikin rana da akwatin magani, suna shafa wa yara alama a ɗan yatsa, suna rubuta alli a bangon gida. Allah ya jiƙansu. Duk lambar yabon da aka ba wani babba a kan wannan yaƙi, rabinta nasu ne. Bayan harin ma 'yan uwansu sun koma bakin aiki.

Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano a ƙaramar hukumar Sumaila aka same shi, a Yuli 2014. A 2016 ta sake ɓulla a Borno, a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga, daga nan kuma ba a sake ganinta ba. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. A shekarar ce mujallar Time ta sa Dakta Tunji Funsho, likitan zuciya da ya karɓi shugabancin kwamitin Rotary na yaƙi da cutar a Najeriya a 2013, cikin mutum 100 mafi tasiri a duniya. Majiyagbe ya ga wannan rana kafin rasuwarsa a 2023.

Aikin bai ƙare ba. Asalin ƙwayar na nan a Afganistan da Fakistan. A nan gida kuma akwai nau'in da ke rikiɗa daga maganin ɗigawa idan ya daɗe yana yawo a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, kuma har yanzu ana samunsa a Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Katsina da Kano. Wannan yana da wuyar bayani ga uban da aka gaya wa an gama da cutar a 2020, ga shi kuma ana sake ƙwanƙwasa masa ƙofa. Matsalar tsaro ta hana ma'aikata shiga ƙauyuka da dama a Arewa maso Yamma, kuɗin tallafi daga waje kuma yana raguwa.

Rassan Rotary a Kano sun ƙaru, akwai na matasa a manyan makarantu, mata kuma suna shugabanci. Duk ranar 24 ga Oktoba suna fitowa tattakin ranar shan-inna ta duniya. Inda nake ganin da sauran gyara shi ne zaɓen ayyuka. Shugabancin shekara ɗaya yana sa kowane sabon shugaba ya so ya bar abin da za a rubuta sunansa a jiki, shi ya sa ake samun rijiyar burtsatse da aka buɗe da biki, bayan shekara biyu famfo ya lalace babu mai gyara. Ƙungiyoyin ci gaban unguwa da kwamitocin masallatai da 'yan agaji sun san wace rijiya ce ta mutu, wane aji ne rufinsa ya yaye, wace mata ce ke bukatar aiki a asibiti. Su ba su da hanyar samun tallafi daga wani reshe a Jamus ko Kanada, Rotary kuwa tana da ita. Ya kamata a zauna da su tun kafin a zaɓi aikin, a kuma yanke tun farko wa zai riƙe shi da kuɗin gyaransa bayan shugaban da ya kawo shi ya sauka.