Yaro mai galahanga ba sai ya "warke" zai shiga cikin yara ba

Sau da yawa idan yaro ya kai shekara 3 bai buɗe baki ba, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, sai a ce shafar aljanu ce. A fara hayaƙi da rubutu, a killace shi a ɗaki, wai sai ya warke zai fita. Wannan ɓoyon shi ya fi damuna.

Irin waɗannan alamu na iya zama na galahanga, wato "autism" da Turanci. Galahanga bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma gado na da babban hannu a ciki. Babu maganin da ke kawar da ita, ana rayuwa da ita ne. Ƙwararru kan iya gane ta tun yaro na da shekara 2.

To, me masu horo suke yi? Mai koyar da magana zai iya fara wa yaro da hoto ko nuni da hannu, har ya iya neman ruwa ba tare da kuka ba. Wani ƙwararren yana bi da shi sannu a hankali ya saba da aski, wanka, sanya takalmi, ko ƙarar injin markaɗe da ke firgita shi. Duk don ya ci abinci tare da 'yan'uwansa, ya zauna a aji, ya je gidan suna.

Kuma waɗannan abubuwa sai da maimaici a inda ake yin su. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara horo na musamman ga iyaye, su riƙa koyarwa lokacin wasa da hidimar gida. Yaron da aka kulle a ɗaki, a ina zai gwada abin da ya koya?