Babur ya ragargaje a hatsari: wa zai biya, kuma nawa?

Takardar inshorar nan da masu babur a Kano suke naɗewa a leda su cusa ƙarƙashin sit, galibi ba ta biyan babur ɗin da take ɗauke da lambarsa. Da yawa ba sa sanin haka sai ranar da suka sauko daga gadon Asibitin Ƙashi na Dala, suka je ofishin 'yan sanda suka tarar da Boxer ɗinsu a lanƙwashe.

Inshorar abin hawa iri biyu ce. Akwai ta dole, wadda dokar 1945 ta fara wajabtawa a Najeriya ga duk abin da ke hawa titi da inji. Aikinta shi ne biyan ɓarnar da ka yi wa wani, a jikinsa ko a dukiyarsa. Daga 1 ga Janairu 2023, hukumar kula da kamfanonin inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa kuɗinta a Naira 3,000 a shekara ga babur, kuma za ta iya biyan ɓarnar dukiya har Naira miliyan 1. Adaidaita Sahu Naira 5,000 ne da iyakar miliyan 2, motar gida kuwa Naira 15,000 da iyakar miliyan 3. Ta biyun ita ce cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da abin hawanka kai ma. Hukumar ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar da aka rubuta wa abin hawan.

Saboda haka tambayar farko bayan hatsari ita ce: laifin waye? Idan kai ka kutsa, kuma ta dole kawai gare ka, asarar babur taka ce, kamfaninka zai biya ɗaya ɓangaren ne kurum. Idan kuwa mota ce ta buge ka a shataletalen Dangi ko a Titin Zariya, to haƙƙinka yana wuyan kamfanin inshorar mai motar. Miliyan 3 ɗin nan ta motar gida don irin wannan rana aka ajiye ta, kuma jinyarka ma tana cikin abin da za ka nema, daban da kuɗin babur.

A nan ne nake ganin muna zubar da haƙƙinmu. Mutane sun taru, wani dattijo ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ƙaddara ce, tunda an tsira da rai." Mai mota ya zaro 'yan dubbai ya ce a kai wa bakanike, kowa ya watse. Yafiya abu ne mai kyau, kuma ba wanda zai hana ka. Amma kuɗin da za ka nema ba daga aljihun mai motar za su fito ba, daga kamfanin da ya karɓi kuɗinsa ne don wannan aiki. Yafe su ba sauƙaƙa wa ɗan'uwanka ba ne, bar wa kamfani ne.

Abin da zai tsaya maka shi ne shaida. A ɗauki hoton wurin kafin a janye komai, da lambar motar, da takardar inshorarta. A kai rahoto sashen kula da hatsari na 'yan sanda, domin kamfani zai nemi rahotonsu. A sanar da kamfanin a rubuce da wuri, tunda kowace takarda tana da wa'adin da ta gindaya. Kada kuma ka sa hannu a kan wata yarjejeniyar sulhu kana cikin raɗaɗi.

Kamfanin zai turo mai ƙiyasta ɓarna ya duba. Idan firam ya karye, inji ya fashe, har kuɗin gyara ya kusa ko ya wuce darajar babur ɗin, sai a ce ya tashi daga aiki, a biya kuɗinsa maimakon gyara. Kuɗin da ake nufi shi ne abin da babur ɗin zai yi a kasuwa ana gobe hatsarin, da tsufansa da komai, ba farashin sabo a shago ba. Mai cikakkiyar inshora kuma za a cire masa wani kaso da takardarsa ta ce shi zai ɗauka da kansa. Akwai wani tarko da tsadar kaya ta haifar: wanda ya rubuta darajar babur ɗinsa tun shekarun da yake da araha, bai sabunta ba, ba za a ba shi abin da ya wuce wancan tsohon adadi ba. Idan an yi maka tayin da ya yi ƙasa, kana da ikon ƙin karɓa. Kawo rasit ɗin saye da farashin irinsa na hannu daga dillalai biyu ko uku, a sake zama.

Gawar babur ɗin kuma kada a taɓa ta. In kamfani ya biya cikakken kuɗi, ragowar ƙarfen nasa ne, sai dai in kun daidaita a rage maka kuɗi ka riƙe. Wanda ya yi gaggawar sayar wa 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa kafin mai ƙiyasi ya gani, ya sayar da shaidarsa.

Abubuwa uku ne suka fi kashe magana tun ba a fara ba. Rashin lasin tuƙi. Ɗaukar fasinja don kuɗi da babur ɗin da aka yi wa inshorar hawan gida, balle a birnin da aka hana acaɓa tun 2013. Sai takardar bogi, irin wadda 'yan kan-ta-waye ke bugawa a bakin ofishin lasin. Ana iya tantance ta a rumbun bayanan kamfanonin inshora, NIID, ta intanet ko ta danna *565*11# a waya. Ka duba taka yau, ka kuma duba ta wanda ya buge ka tun kuna wurin. In tasa ta bogi ce, bashin babur ɗinka yana kansa, kuma kotu ce hanyar karɓa.

Mai ƙyamar inshora saboda addini yana da takaful, wadda ke tafiya bisa tsarin Musulunci kuma NAICOM ce ke ba ta lasisi. Idan kamfani, na takaful ne ko na gama-gari, ya yi ta ja maka rai bayan ka cika takardu, hukumar tana da sashen karɓar ƙorafi. Ka kai kokenka a rubuce, haɗe da lambar takardar inshora, rahoton 'yan sanda, da kwafin duk wasiƙar da ta shiga tsakaninku.