Sayen ɗan biri ba ceto ba ne

Wai in ka ga ɗan biri ɗaure da sarƙa a kasuwa ka saye shi ka yi aikin lada. Haka maƙwabcinmu a Agege ya yi, wallahi da zuciya ɗaya. Amma jama'a, uwar biri ba ta sakin ɗanta, yana maƙale a ƙirjinta, galibi sai an harbe ta ake ɓamɓare shi, kuɗinka kuma su za su mayar da maharbi daji gobe. Sakinsa a daji ma ba mafita ba ce, wanda ya saba da biredi da shayi ina ya san abincin daji? A Drill Ranch, cibiyar kula da biran da aka ceto da ke Kalaba, sai an killace su an duba lafiyarsu tukuna a haɗa su da 'yan'uwansu, abin na cin lokaci.