Ƙorafi kan kutsen na'urorin intanet ta wayar lantarki a zangon rediyo

Na'urorin sadarwa ta wayar lantarki, waɗanda ake kira PLC a taƙaice, PLT a Birtaniya, BPL kuma a Amurka, na'urori ne da ke ɗora saƙon intanet a kan wayoyin da ke kai wuta gidaje. Ana cusa ɗaya a soket kusa da akwatin intanet, a cusa ta biyu a wani ɗaki, sai wayar da ke cikin bango ta haɗa su ba tare da an ja sabuwar waya ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 masu sauraron gajeren zango da masu rediyon sha'awa, wato masu aikawa da karɓar saƙo ta rediyo don sha'awar kansu, suke kukan cewa waɗannan na'urori suna cika musu rediyo da ƙara.

Yadda kutsen yake faruwa

An shimfiɗa wayar lantarki ne don wutar da ke kaɗawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa. Ba ta da rufin ƙarfe, ba a kuma murɗa ta bibbiyu ba kamar wayar kwamfuta. Na'urar PLC kuwa tana zuba mata sigina daga wajen megahaz 2 zuwa 30, wato daidai inda gajeren zango yake. Tsawon igiyar rediyo a nan daga mita 10 ne zuwa 150, kuma wayoyin gida, da rassansu da makunnai da fitilu, tsawonsu bai yi nisa da haka ba. Sai wayar ta zama eriya, wani ɓangare na siginar ya tsiyaye cikin iska.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne na'urar ba ta tsayawa a mita ɗaya. Tana rarraba saƙon a kan ɗaruruwan ƙananan mitoci a lokaci guda, don haka mai sauraro ba shi da inda zai murɗa ya tsere. Idan ba a aika komai, yakan ji ƙwas-ƙwas a jere ba fasawa. Da maƙwabci ya fara sauke bidiyo sai ta koma shuuu mai kauri, ta binne tashar da ta taso daga nesa. A wannan zangon ne sassan Hausa na BBC da DW da sauransu suka daɗe suna isa ga masu sauraro, kuma jiragen sama masu ƙetare teku da sojoji da jiragen ruwa duk suna da rabonsu a ciki.

Tarihi

Kamfanonin wuta sun fara aika saƙo ta manyan layukansu tun wajen shekarun 1920, amma a ƙananan mitoci da ba su dami kowa ba. Rigima ta soma ne da aka so a kai intanet mai sauri ta layin. Gwajin kamfanin Nor.Web a Manchesta ta Ingila, wanda aka fara wajen 1997, an rufe shi a 1999, kuma an ruwaito cewa har turakun fitilun titi sun riƙa watsa siginar. A Jamus kamfanin RWE ya shiga harkar a 2001, bai daɗe ba ya fita.

Na'urorin cikin gida su ne suka yi ƙarko. An kafa ƙungiyar kamfanoni ta HomePlug a 2000, ta fitar da ƙa'idarta ta farko a 2001 mai gudun megabit 14 a daƙiƙa, sannan HomePlug AV a 2005 mai megabit 200. Tun farko masu ƙera na'urorin sun yarda su bar giɓi a mitocin masu rediyon sha'awa, wato a rage ƙarfin sigina sosai a waɗannan wurare. Mitocin gidajen rediyo na gajeren zango ba su sami wannan kariyar ba.

Amurka

A watan Oktoban 2004 hukumar sadarwa ta FCC ta fitar da dokokin da suka ba kamfanoni damar kai intanet ta layukan da ke kan turaku. Birnin Manassas na jihar Virginia ya zama abin misali, ya kuma zama matattarar ƙorafi, domin masu rediyon sha'awa sun yi ta aunawa suna kai ƙara shekara da shekaru. Ƙungiyarsu ta ARRL ta maka hukumar a kotu. A Afrilun 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington ta yanke cewa FCC ta saɓa ƙa'ida da ta ɓoye wasu sassa na binciken injiniyoyinta da ta dogara da shi, kuma ba ta yi gamsasshen bayani ba kan lissafinta na yadda sigina ke raguwa da nisa. Kotun ba ta soke dokokin ba. Kasuwa ce ta kashe harkar: Manassas ta rufe nata a 2010, sauran kamfanonin suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Birtaniya

A nan ne ƙorafin na'urorin cikin gida ya fi zafi. Kamfanin BT ya ƙaddamar da talabijin ɗinsa ta intanet, BT Vision, a ƙarshen 2006, ya riƙa haɗa wa masu saye da na'urorin Comtrend. Cikin ɗan lokaci suka bazu a unguwanni, a hannun mutanen da ba su ma san abin da suka cusa a bango yana watsa wani abu ba. Ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta RSGB da wata ƙungiyar masu sauraro mai suna UKQRM, wadda ta bayyana a 2008, suka matsa wa hukumar sadarwa ta Ofcom lamba.

Amsar Ofcom ita ce ƙorafin bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, alhali na'urorin da aka sayar sun haura miliyan, kuma kusan duka daga masu rediyon sha'awa ya fito. Idan an kai kuka, yawanci kamfanin yakan canza wa maƙwabcin na'ura ko a ja masa waya, a rufe batun. Wannan lissafi yana da rauni babba. Wanda ya kai ƙara shi ne wanda ya gane hayaniyar, yake da abin aunawa, ya kuma san ofishin da zai nufa. Mai sauraron da tasharsa ta ɓace yakan ɗauka rediyonsa ne ya tsufa ko tashar ce ta daina aiki, ya kashe ya ajiye, ba wanda ya ƙirga shi.

A 2011 aka tilasta wa Ofcom ta fitar da wani rahoton gwaji da ta riƙe, wanda ya nuna na'urorin da aka auna sun zarce iyakar hayaniyar da ƙa'idar Turai ta EN 55022 ta gindaya. Masu ƙerawa sun ce ba don irin kayansu aka rubuta ƙa'idar ba. Masu ƙorafi sun ce ta shafi na'urorin. Injiniyoyin BBC kuma sun nuna cewa sababbin na'urori masu hawa sama da megahaz 30 suna iya taɓa FM da rediyon dijital na DAB.

Sauran wurare

Japan ta halatta amfani da na'urorin a cikin gida kawai a 2006, duk da adawar masu rediyon sha'awa na ƙasar. Wani rahoton ƙungiyar tsaro ta NATO na 2007 ya yi gargaɗin cewa tarin na'urori masu yawa zai iya ɗaga hayaniyar gajeren zango har a wurare masu nisa.

Ƙa'idar Turai

A 2013 hukumar tsara ƙa'idojin lantarki ta Turai, CENELEC, ta fitar da ƙa'idar EN 50561-1. Ta wajabta giɓi na dindindin a mitocin jiragen sama da na masu rediyon sha'awa, ta ce na'ura ta riƙa sauraro da kanta, idan ta ji tashar gajeren zango mai ƙarfi ta kauce mata, ta kuma rage ƙarfinta idan layin bai buƙaci da yawa ba. Masu suka sun ce a wajen giɓin an halatta hayaniya fiye da ta da, kuma tasha mai rauni, wadda ita ce ta fi buƙatar kariya, na'urar ba ta jin ta balle ta kauce.

Halin da ake ciki

Ƙungiyar HomePlug ta naɗe tabarmarta a 2016. Ana ci gaba da sayar da na'urorin, wasu a kan ƙa'idar G.hn, ko da yake Wi-Fi ya ƙwace musu kasuwa mai yawa. Tsofaffin da aka sayar kafin ƙa'idar 2013 ba a janye su daga gidaje ba.