Kamala Harris kafin Washington: tambayoyi da amsoshi kan shekarunta na gabatar da ƙara

Galibin mutane sun san Kamala Harris ne a matsayin mataimakiyar shugaban Amurka daga 2021 zuwa 2025, da kuma 'yar takarar da Donald Trump ya kayar a 2024. Amma kafin nan ta shafe shekaru sama da ashirin a kotuna da ofisoshin shari'a na jihar Kaliforniya, kuma a can ne aka fara gane irin 'yar siyasar da za ta zama.

Wacece ita, kuma yaya ta shiga aikin?

An haife ta a Oakland ranar 20 ga Oktoba 1964. Mahaifiyarta, Shyamala Gopalan, 'yar Indiya ce mai binciken cutar sankarar mama, mahaifinta kuma, Donald Harris, masanin tattalin arziki ne ɗan Jamaika. Ta yi digiri a Jami'ar Howard, ta karanta lauya a Hastings da ke San Francisco, sannan a 1990 ta fara aiki a matsayin mai gabatar da ƙara a gundumar Alameda, inda ta riƙa ɗaukar shari'o'in cin zarafin yara.

Wai a Amurka zaɓen mai gabatar da ƙara ake yi?

A yawancin jihohi haka ne, kuma wannan shi ne abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. A Najeriya gwamna ne yake naɗa Antoni Janar na jiha, ya haɗa masa da kujerar kwamishinan shari'a. A Kaliforniya kuwa ƙuri'a ake kaɗawa, har shugaban masu gabatar da ƙara na gunduma. Saboda haka duk shari'ar da ya ɗauka ko ya bari, masu zaɓe suna kallo. A 2003 Harris ta tsaya takarar wannan kujera a San Francisco ta kayar da tsohon shugabanta a wurin aiki, Terence Hallinan.

Mene ne ya fara jawo mata ce-ce-ku-ce?

Wata uku kacal da hawanta, a Afrilun 2004, aka harbe wani ɗan sanda mai suna Isaac Espinoza. Tun lokacin kamfe ta ce ba za ta nemi hukuncin kisa a kan kowa ba, kuma ta tsaya a kan bakanta. A wajen jana'izar, Sanata Dianne Feinstein ta miƙe ta ce wannan laifi ya cancanci kisa, 'yan sanda suka tashi suna tafi, ita kuwa Harris tana zaune a cikin taron. An yanke wa wanda ya yi kisan ɗaurin rai da rai, amma ƙungiyoyin 'yan sanda sun daɗe ba su huce ba.

A 2005 ta ƙirƙiro shirin Back on Track, wanda ya ba matasan da aka kama da ƙwaya a karon farko damar koyon sana'a ko komawa makaranta maimakon gidan yari.

Ta yaya ta zama Antoni Janar na jihar Kaliforniya?

Da ƙyar. A zaɓen 2010 abokin karawarta, Steve Cooley na jam'iyyar Republican, har ya yi shelar nasara a daren zaɓe. Aka ci gaba da ƙirga ƙuri'u kusan mako uku, sai ga ta a gaba da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ta kama aiki a Janairun 2011, mace ta farko kuma baƙar fata ta farko a kujerar.

Wane aiki aka fi tuna ta da shi?

Rigimarta da bankuna. Bayan rushewar kasuwar gidaje a 2008, bankuna sun ƙwace gidajen dubban mutane, wasu lokutan da takardun da ma'aikata suka sa wa hannu ba tare da sun karanta ba. Jihohi suka haɗu suna sulhu da manyan bankuna biyar, ciki har da Bank of America da Wells Fargo da JPMorgan Chase. A Satumban 2011 Harris ta fice daga teburin, ta ce abin da aka ware wa Kaliforniya ya yi kaɗan. Ta san ba za a ƙulla yarjejeniyar da ta amsa sunanta ba tare da jihar da ta fi kowace yawan jama'a ba. A Fabrairun 2012 ta dawo da alƙawarin kusan dala biliyan 18. Masu suka sun ce kaso mai yawa na tallafin bai hana mutane rasa gidajensu ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Duk da haka, ta nuna ta iya ciniki. A 2016 kuma ofishinta ya samu hukuncin sama da dala biliyan ɗaya a kan kamfanin makarantu na Corinthian Colleges saboda yaudarar ɗalibai.

To me ya sa har 'yan jam'iyyarta ta Democrat suke sukarta?

Saboda a ganina taka-tsantsan ɗinta ya yi yawa da ta hau babbar kujera. Matar da ta ƙi neman hukuncin kisa a 2004 ita ce ta ɗaukaka ƙara a 2014 lokacin da wani alƙalin tarayya ya ce tsarin hukuncin kisa na Kaliforniya ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Hujjarta ita ce aikin Antoni Janar kare dokar jiha ne, ko yana so ko ba ya so. Akwai kuma dokar fashin makaranta da ta mara wa baya, wadda ta ba da damar cin tarar iyaye ko ɗaure su idan 'ya'yansu sun yawaita ƙin zuwa aji. A wasu gundumomi an kama iyaye matalauta da ita, kuma a 2019 Harris ta ce ta yi nadamar hakan.

Yaushe ta bar kujerar?

An sake zaɓenta a 2014, amma ba ta ƙarasa wa'adin ba. Ta ci zaɓen Majalisar Dattawa a Nuwamban 2016, ta sauka a Janairun 2017, Gwamna Jerry Brown ya naɗa Xavier Becerra ya gaje ta.