Ma'anar Kalmar Barok a Fagen Kiɗa

Barok suna ne da masana tarihin fasaha suka laƙaba wa salon kiɗa da zane da gine-gine da ya mamaye Turai daga wajejen shekarar 1600 zuwa 1750. Ana danganta asalin kalmar da harshen Fotugal, inda ake kiran lu'ulu'un da ya fito a karkace da "barroco", kuma da farko zagi ce, domin masu suka sun ga ado ya yi wa salon yawa har ya rasa tsari. Sai daga baya ta zama sunan wancan zamanin kawai.

A Jamus, wanda ya fi riƙe wannan kiɗa shi ne makaɗin ogan na majami'a. Ogan katafaren abin kiɗa ne mai ɗaruruwan bututu, wanda ake hura wa iska da zugazugai irin na maƙera, makaɗin kuma yana danna maɓallai da yatsu yana taka wasu da ƙafa, ta yadda muryoyi uku ko huɗu za su riƙa tafiya tare, kowace da hanyarta, ba tare da sun yi karo ba. Wannan saƙa ta muryoyi ita ce zuciyar Barok.

Rayuwar Johann Pachelbel, wani makaɗin ogan ɗan Jamus, ta nuna yadda sana'ar take. An haife shi a Nuremberg a 1653, ya yi aiki a fadar Eisenach a 1677, sannan ya koma Erfurt a 1678, inda ya shafe shekara goma sha biyu yana kiɗa a majami'a. A can annoba ta kashe matarsa da ɗansa a 1683, a can ne kuma ya koyar da Johann Christoph Bach, wan shahararren makaɗin nan Johann Sebastian Bach. Daga nan ya koma Stuttgart, amma yaƙi da Faransa ya kore shi daga can, ya zauna a Gotha, kafin garinsu ya kira shi a 1695, inda ya rasu a 1706.

Ma'aikacin albashi ne, aikinsa shi ne share wa masu ibada fage kafin su ɗauki waƙa, kuma yawancin abin da ya rubuta na ogan ne. Abin mamaki, kiɗansa da aka fi sani a yau, wanda ake sawa a bukukuwan aure a Turai da Amurka, na goge ne, babu ogan na majami'a a tsakiyarsa.