Haƙƙin mallaka da kwaikwayon laburaren zane na kwamfuta

Laburaren zane tarin umarni ne da manhaja ke kira idan za ta zana hoto a allo, irin OpenGL da kamfanin Silicon Graphics ya fitar a 1992. Kwaikwayonsa shi ne a rubuta sabo tun daga tushe, amma ya amsa sunayen umarni iri ɗaya da na asali, har tsohuwar manhaja ta yi aiki da shi ba a taɓa ta ba. Mesa, wanda Brian Paul ya fara a 1993, haka yake.

Doka tana kare rubutun shirin kwamfuta, wato layukan umarnin da aka rubuta, ba aikin da yake yi ba. Yarjejeniyar TRIPS, ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kan haƙƙin mallakar fasaha, ta ɗauki shirin kwamfuta a matsayin aikin adabi, ta kuma cire dabara da hanyar aiki daga kariya. Mai rubuta manhaja a Maradi yana ƙarƙashin dokar Nijar da Yarjejeniyar Bangui ta OAPI, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka kan haƙƙin mallakar fasaha, hukumar BNDA ta Nijar kuma ita ke kula da haƙƙin mawallafa.

Rigimar tana kan sunayen umarnin da tsarinsu. A 2012 kotun Tarayyar Turai ta yanke, a shari'ar kamfanonin manhaja SAS da World Programming, cewa ba a mallakar aikin da shiri ke yi. A 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta wanke Google a ƙarar da kamfanin Oracle ya shigar kan layuka kusan 11,500 na Java (yaren rubuta manhaja) da Google ya kwafa, ta ce amfani ne halastacce, amma ba ta ce sunayen ba su da mai su ba. Hukunce-hukuncen biyu ba sa ɗaure kotunan Nijar.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce raba aiki gida biyu, kamar yadda kamfanin Phoenix ya yi a 1984 da BIOS na IBM, wato shirin da ke tada kwamfuta idan an kunna ta. Rukuni ɗaya ya gwada na asalin ya rubuta bayanin halayensa, ɗayan, wanda bai taɓa ganin rubutun asalin ba, ya gina daga bayanin kaɗai, a adana shaidar kowane mataki. Inda ake yawan zamewa shi ne kwafo fayilolin sanarwar umarni dungurungum, har da sharhin cikinsu, ko leƙa rubutun da aka fitar ta ɓarauniyar hanya.

Sunan kaya da haƙƙin ƙirƙira (patent) kuwa wata doka ce daban. OpenGL alamar kasuwanci ce, shi ya sa Mesa bai ɗauki sunan ba. Tsarin rage girman hoto mai suna S3TC ma bai shiga cikin Mesa kai tsaye ba sai da wa'adin haƙƙin ƙirƙirarsa ya ƙare a 2017.